Wa zai kare daji idan aka mai da maharbi ɓarawo?

Tun da Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin dokar kare namun dajin da ke dab da ƙarewa a ƙarshen watan Oktoban 2025, ba abin da ake ji a rediyo da shafukan sada zumunta sai sambarka. Tara har ta naira miliyan 12, ɗauri har na shekara 10. Ni ma na yi murna, domin duk wanda ya taso ya ga garken barewa da idonsa, yau kuma 'ya'yansa ba su san ta ba sai a hoto, ya san muna bukatar doka mai haƙora. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi wata hira ce da na saurara bayan nan, inda aka gayyato wani masanin namun daji domin ya yi wa jama'a bayanin dokar. Daga farkon hirar har ƙarshenta mafarauta ne masu laifi. Su suka cinye daji, su suka ƙarar da zaki, su dokar ta zo ta yi maganinsu. Bai bambance dillalin haurin giwa da tsohon da ke fita da karnuka biyu bayan girbi ba. Kuɗin goro ya yi musu. Kuma a duk abin da na ji da wanda na karanta a kan dokar nan, ban ci karo da muryar Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ko ɗaya ba. Ana yanke hukunci a kan daji, an bar masu dajin a waje.

Bari mu fara da abin da kowa ya gani. A watan Janairun 2024 gwamnati ta farfasa haurin giwa tan biyu da rabi a Abuja, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa ya haura naira biliyan 9. Wata uku kafin nan, a Oktoban 2023, an cinna wa kusan tan huɗu na ɓawon ɗankunya da fatun namun daji wuta. To giwayen da suka rage a faɗin Najeriya gaba ɗaya, bisa lissafin ita gwamnatin, tsakanin 300 ne zuwa 400. Ke nan wannan tulin hauren ba daga dazukanmu ya fito ba. Mafi yawansa daga ƙasashen tsakiyar Afirka ake kwaso shi, a tsallako da shi iyaka, a tara a rumbunan ajiya na Legas, a ɓoye cikin katako, a cika kwantena, a tura Asiya. Wa ke da ƙarfin fitar da kwantena daga tashar jirgin ruwa? Mai adaka da gafaka? Wannan aiki ne na masu kuɗi, da dillalan da suka san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa, da jami'an da ke kawar da kai idan an gaisa da su. Amma da zarar an buɗe baki za a yi maganar kare namun daji, hoton da ake nunawa na talaka ne riƙe da mataccen zomo. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma mun san yadda doka ke tafiya a ƙasar nan. Ai ba yau aka fara ba. Tun 1985 akwai dokar soja a kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, an kuma yi mata gyara a 2016. A tsawon shekarun nan Najeriya ta zama babbar mashigar fataucin haure da ɓawon ɗankunya a nahiyar, alhali a shingen hanya ana tare ɗan ƙauye da gafiya uku a buhu ana tatsarsa. Tsorona shi ne sabuwar dokar ta bi sawun tsohuwar: ta zama bulala a hannun mai shinge, ta zama takarda kawai a gaban mai kwantena. Idan masanan da ya kamata su nuna wa hukuma inda ɓarnar take su ne ke nuna maharbin ƙauye da yatsa, to sun ba mai shinge lasisi tun kafin tawadar dokar ta bushe.

Ina da dalilin jin zafin wannan magana, domin na taɓa ganin yadda alaƙar take da idona.

Shekarun baya, da rani, wasu masu bincike suka zo ƙidayar namun daji a gandun da ke kusa da garinmu. Su uku ne, duk sun gama jami'a, da motarsu, da na'urar gano wuri, da wani littafi mai hotunan dabbobi. Dagaci ya haɗa ni da su don in riƙa yi musu tafinta, saboda biyu daga cikinsu Hausarsu ba ta nuna ba. Kwana biyu muna keta daji a miƙe, kamar yadda tsarin aikinsu ya tanada, ba mu ga komai ba sai birai da zabin daji. Har babbansu ya fara cewa da alama gandun ya mutu. A daren na biyu dagaci ya ce a je a gai da Sarkin Dawa.

Tsoho ne a lokacin, gemunsa fari fat, amma idan ya shiga daji sai mun haɗa da sassarfa. Bayan sallar asuba muka fita. Bai bi layinsu ba, gangarawa ya yi da mu wani busasshen rafi. Can ya tsaya, ya tsuguna, ya daɗe yana duban yashi. Ni dai ban ga komai ba sai ramuka.

"Gwanki ne, mace, da ɗanta," in ji shi. "Jiya da la'asar suka wuce."

Babban nasu ya ce, "Baba, ta yaya aka san jiya ne, ba shekaranjiya ba?"

Sai ya nuna masa bakin sawun, inda yashi ya fara zubowa amma bai cike ramin ba, da siririn layin da wani ƙwaron dare ya ja ya ratsa ta kan sawun. Ya ɗauko kashin dabbar ya murje da yatsa, waje a bushe, ciki da sauran danshi. Sannan ya ce, "Malam, duba ƙafar gaba ta hagu. Ba ta taka ta sosai. Waya ce ta kama ta, ta fizge." Ba mu yi tafiyar minti ashirin ba sai ga tarkon waya ɗaure a gindin wata marke, da gashi a jiki. Ya kwance shi yana huci, ya nannaɗe ya jefa a gafaka. Ya ce wannan ba aikin maharbi ba ne, aikin yaran da ba su da ubangida a daji ne, domin waya ba ta san mai ciki ba, ba ta san ɗan da ke shan nono ba.

A kwana huɗun da ya yi da su, ya nuna musu mashaya uku da ba sa cikin taswirarsu, ya nuna musu ramin dabgi, ya gaya musu shekarar da aka yi wa ɓauna ganin ƙarshe a wurin, ya ɗaure shekarar da wata fari da kowa ya sani. Da za su tafi suka ba shi abin da ake ba lebura. Ya karɓa ya yi godiya, don shi ba mai ciniki ba ne. Bayan kamar shekara guda rahoton ya zo hannuna. An gode wa ma'aikata, an gode wa waɗanda suka ba da kuɗi, har direba an ambata. Sunan tsohon nan babu. Da na kai shafin da aka jera abubuwan da ke barazana ga gandun, na farko a jerin: mafarautan yankin. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ban kawo labarin nan don in ce ilimin jami'a banza ne ba. Samarin nan suna da abin da tsohon ba shi da shi. Su ne suka iya gane cewa gwankin da garinmu ke gani, da wanda ƙauyen gabas ke gani, da na ƙauyen kudu, duk garke ɗaya ne mai yawo, kowa na zaton nasa daban. Su suka san giwa na ɗaukar ciki wata 22, sannan ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa, saboda haka idan aka kashe mata goma a shekara guda, an yi ramin da shekara ashirin ba za ta cike ba. Maharbi ya san dajinsa ciki da bai, amma iyakar inda ƙafarsa ta kai. Masani yana iya haɗa lissafin dazuka ɗari. Binciken da aka wallafa a 2014, wanda ya nuna zakunan da suka rage a yammacin Afirka ba su wuce kimanin 400 ba, kuma wurare huɗu kacal suka rage musu, biyu a cikinsu Yankari da Kainji, ba abu ne da wani Sarkin Dawa zai iya ganowa daga bukkarsa ba. Amma shi ma binciken, da sawu da kashi aka yi shi, kuma ba a aji ake koyon karatun sawu ba. Kowannensu na riƙe da rabin abin da ake bukata. Bambancin kawai, ɗaya ana kiransa Dakta, ɗayan ana kiransa barazana.

Wannan raini yana da asali. Dokokin farauta na zamanin Turawa, tun daga ta 1916 har zuwa Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 da ta gaje su, a kan lasisi suka ɗora komai. Wanda ke da kuɗin yankar takarda, ya kuma san ofishin da ake yanka, ya zama mafarauci na halal. Razdan ko Di'o zai fita hutu ya harbe ɓauna, a ɗauke shi hoto da ƙafa a kan gawarta, wanda ya bi masa sawun yana tsaye a gefe riƙe da gora. Shi kuwa wanda ya gaji baka daga kakansa, idan ya shiga dajin da aka shata wa iyaka, ya zama mai laifi. Da aka keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga masu yawon buɗe ido a 1962, da wannan tunanin aka yi. Turawa sun tafi, amma littattafan da ake koyar da malaman daji da su ba su canza ido ba. Har yau yaro zai fito daga gidan maharba, ya je ya karanta ilimin namun daji, ya dawo yana jin kunyar sana'ar ubansa.

Alhali wace sana'a ce ta fi wannan tushe a ƙasar Hausa? Garin Bauchi kansa, inda Yankari take, tarihin baka ya ce sunan wani maharbi ya ci, Baushe, wanda ya nuna wa Malam Yakubu wurin da zai kafa birni. Tarihin Kano ya siffanta Barbushe da cewa mafarauci ne mai kashe giwa. Garuruwa nawa ne a Arewa idan ka tambayi asalinsu za a ce maka wani maharbi ne ya fara kafa bukka a gindin tsamiya? Kuma sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka ba na ado ba ne. Su ke sa ranar fita, su ke cewa wannan dajin a bar shi ya huta, su ke raba gardama idan karnuka biyu suka kama nama ɗaya. Tsohon garinmu ba ya harbin mai ciki, ba ya fita da damina lokacin da dabbobi ke da 'ya'ya, kuma yaron da ya karya wannan ba ya sake binsa daji. Ta fuskar addini ma an gama magana tuntuni. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Risala ya san farauta don wasa makaruhi ce, farautar da ba ta wasa ba kuwa halal ce. Masu ɗauko mana ra'ayin wasu ƙungiyoyin Turai cewa kashe kowace dabba ta'asa ce, su fara kai wa'azin mahautar garinsu.

Raina maharbi bai tsaya a rahoton masana ba, ya kai ga jini. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana dab da ƙaramar Sallah, aka tare motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Kano a Uromi ta jihar Edo. Daga jihar Ribas suka taso za su gida. Aka ga bindigogin toka da karnuka, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16, wasu aka ƙona su. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. An yi ta magana a kan ƙabilanci da ɗaukar doka a hannu, kuma gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ta shafi masanan namun daji kai tsaye, wadda ya kamata a ce su suka fara yin ta: me ya kai mafaraucin Bunkure har Ribas neman nama? Amsar tana nan a fili. Dajin gida ya zama gona, ya zama gawayi, abin da ya rage kuma ya zama sansanin 'yan bindiga.

A nan ne hujjar masu cewa a kori maharbi daga daji ke rushewa. Sambisa gandun namun daji ne kafin duniya ta san sunan da wani abu daban. Kamuku da ke Birnin Gwari gandu ne na ƙasa, a tambayi ma'aikatansa yaushe rabon da su yi sintiri cikin kwanciyar hankali. Gandun Kainji, ɗaya daga cikin wurare biyu da zaki ya rage mana, yau labarin masu ɗauke da makamai ake ji daga cikinsa. Dajin Rugu kuwa ba sai an faɗa ba. Waɗannan wurare ba maharba suka ƙwace su ba. An hana mutanen gari shiga, aka bar wa ma'aikata ƙalilan marasa kayan aiki gadin dubban murabba'in kilomita, sai waɗanda ba sa neman izinin kowa suka shiga suka zauna. Daji ba ya zama babu kowa. Idan ka fitar da wanda ka sani, wanda ke da gida da iyali da sarki a bakin dajin, wanda ba ka sani ba ne zai maye gurbinsa, kuma shi ba ruwansa da mai ciki.

Abin takaici, ranar da wuta ta kama, maharbin nan da aka raina shi ake nema. A watan Nuwamban 2014, bayan Boko Haram ta kama Mubi, mafarauta na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato garin. Duk ƙasar nan ta san sunan Aisha Bakari Gombi, maharbiyar nan ta Adamawa da ta jagoranci mafarauta suka yaƙi Boko Haram. A watan Mayun 2025, a ƙaramar hukumar Alkaleri, wato ƙofar Yankari, 'yan bindiga sun yi wa ayarin mafarauta da 'yan sintiri na yankin Duguri da Gwana kwanton ɓauna suka kashe da dama. Mutanen nan jininsu suka ba da suna tsare dazukan da ke kewaye da giwayen da masana ke rubuta rahoto a kansu. Ko dorina ce ta addabi masunta, kamar yadda aka yi a Yawuri a 2024, ba a jira wani daga Abuja. Idan ana bukatar ƙirjinsa jarumi ne, idan an koma teburin taro a otal ya koma ɓarawon daji. Wannan rashin adalci ne, kuma wauta ce.

Ga masu cewa hana farauta ɗungurungum shi ne magani, ga Kenya nan. Tun 1977 ta haramta farautar manyan namun daji. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya bi ƙidayar da aka yi ta yi daga jirgin sama tsawon kusan shekara 40, ya gano namun dajin makiyayan ƙasar sun ragu da kashi 68 cikin ɗari a wannan tsakanin. Yawan jama'a, da faɗaɗa gonaki, da ƙaruwar tumaki da awaki, da gazawar hukuma, su suka cinye su, alhali haramcin farautar yana nan. Namibiya kuwa wata hanya ta bi. A shekarun 1980, a yankin Kunene, wani mai kare namun daji, Garth Owen-Smith, ya zauna da sarakunan gargajiya suka zaɓi masu gadi daga cikin mutanen gari, wasunsu tsofaffin maharban da a da ake farautarsu. A 1996 aka yi dokar da ta ba al'ummomi ikon cin moriyar namun dajin ƙasarsu, har da kason farauta da masana ke ƙayyadewa bayan ƙidaya. Giwayen ƙasar sun tashi daga kimanin 7,500 a 1995 zuwa sama da 20,000. A Amurka ma, inda da yawa daga cikin masananmu ke ɗauko darasi, tun 1937 harajin da ake ɗora wa bindiga da harsashi, kashi 11 cikin ɗari, shi ke biyan babban kaso na aikin hukumomin namun daji na jihohi, kuma da rahoton abin da mafarauta suka kama ake lissafin abin da ya rage. Can masani da mafarauci suna gardama, wani lokaci mai zafi, amma a tebur ɗaya suke yin ta. Me ya sa idan an zo nan sai a ɗauko rabin darasin a bar rabi?

Ba sai mun je nesa ba ma. A Kure ta Nijar, raƙuman dawan da suka rage a duk yammacin Afirka sun sauka har zuwa 49 a 1996. Ba a kewaye su da waya ba, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba. Cikin gonakin mutane suke kiwo, mutanen gari ne jagorori, kuma adadinsu ya haura 600. Abin da ya durƙusar da harkar a can ba kibiyar kowa ba ce, harin watan Agustan 2020 ne, inda aka kashe mutum takwas har da shugaban ƙungiyar jagororin. A tsaunukan Mbe na jihar Kuros Riba, ƙauyuka tara ne ke riƙe da dajin da gwaggon birin nan mai wuyar gani yake, kuma cikin masu gadinsa akwai waɗanda a da farautar dajin suke yi. A Yankari ma, tun da gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014, kisan giwaye don haure ya ja baya ƙwarai, kuma cikin abin da ya taimaka har da mutanen ƙauyukan kewaye da ke buga waya idan garke ya doshi gona. Sulaiman Sa'idu, babban mai gadin gandun da aka karrama da lambar yabo ta Tusk a Ingila a 2021, shi da abokan aikinsa sun cancanci kowace irin jinjina. Wato masanan da ke cikin daji da gaske sun riga sun gane. Waɗanda ba su gane ba su ne masu yawon taro da gidajen rediyo, kuma abin haushi su ake ji.

Yanzu kuma gare ku, 'yan'uwana mafarauta, domin ba zan kare ku da ƙarya ba. Abin da wasunku ke yi yau ba shi ne abin da kuka gada ba. A cika manyan motoci da samari ɗari biyu da karnuka, a sauka a dajin mutane ba sallama, a banka wuta saboda gafiya, wutar ta cinye kiwo da rumbu, a tashi da faɗa har da gawa, wannan ba farauta ba ce. Haska fitila da dare a harbe duk idon da ya ƙyalla, zuba guba a mashaya, shimfiɗa waya ɗari a kwana guda, duk ba gado ba ne. Ungulu da a da ke cika mahauta, yau yaro zai girma bai gan ta ba, kuma kun san inda kawunansu ke ƙarewa a kasuwar 'yan magani. Akwai masu gadin Yankari da aka harbe har lahira a bakin aiki, suka bar marayu, kuma waɗanda suka harbe su da sunan farauta suka shiga. Masu cewa dabbar Allah ba ta ƙarewa, su nuna mana jiminar da ta rage a dajin Katsina. Idan sarakunan dawa ba su tsawata wa yaransu ba, su ne ke miƙa wa mai raina su sandar dukansu. Amma a lura, waɗannan ɓarnace-ɓarnace sun yi ƙamari ne daidai lokacin da aka zare wa Sarkin Dawa iko, aka mai da shi ɗan rakiyar hawan Sallah. An kashe dokar gargajiya, ta gwamnati kuma ba ta iso dajin ba.

Abin yi ba boyayye ba ne. A san su waye maharba a kowace masarauta, ta hannun sarakunansu, a ba su shaida. A zauna da su a tsayar da lokacin fita da lokacin hutu, da dabbar da ba a taɓawa ko da wasa. A sa su cikin ƙidaya, a biya su kuɗin gwani, a rubuta sunansu. Tun shekarun 1990 aka ƙirƙiro manhajar da masu bin sawu na Kalahari waɗanda ba su yi boko ba ke shigar da abin da suka gani ta hanyar taɓa hoto, balle yau da kowane saurayi ke da waya a aljihu. Sassan jami'o'inmu da ke koyar da ilimin daji su tambayi kansu sau nawa suka taɓa shimfiɗa wa wani Sarkin Baka tabarma a gaban ɗalibai.

Kuma lokacin yi yanzu ne, domin ana cikin rabo. Tun 2020 aka amince da mai da dazuka goma gandayen ƙasa, cikinsu har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da dausayin Haɗeja a Jigawa, da Allawa a Neja. A watan Mayun 2025 kuma shugaban ƙasa ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji. Duk waɗannan guraben aiki ne. Idan aka bi yadda aka saba, sunaye za su fito daga aljihun 'yan siyasa, a ba yaron birni kaki da takalmi, a tura shi dajin da bai san gabas da yamma a cikinsa ba, sannan aikinsa na farko ya zama kama mutumin da ya kamata ya zama malaminsa. Masanin da ya ga ana wannan ya yi shiru, ya kuma koma rediyo yana zagin mafarauta, da hannunsa a cikin abin da zai biyo baya, komai yawan digirinsa.

Sarkin Dawan garinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Har yau ba a naɗa wani ba, don ba wanda ya nema. Mashayun nan uku da ya nuna wa masu bincike, biyu sun zama gonar masara. Da na je gida da Sallar da ta wuce na tambayi jikansa, wanda tun yana ƙarami yake riƙe masa gora, ko yana fita daji. Ya ce, "Kawu, kullum ma." Gawayi yake yi. A gandun nan yake saran marke da ƙirya, babbar mota na zuwa duk mako tana lodawa zuwa kudu, kuma takardar izinin lodin da hatimin hukuma a jikinta.